Neman Kuɗin Nakasa a Amurka Saboda Lalurar Ƙwaƙwalwa: Daga Ɗakin Likita Zuwa Gaban Alƙali

Je ka duba Bahaushe a gadon asibiti, ana ƙara masa ruwa, ka ce masa "yaya jiki?" Zai ce maka "da sauƙi, alhamdulillahi." Haka aka rene mu, kuma a tsakaninmu ba a samun ruɗani, domin mai tambayar ya san abin da ke ƙarƙashin amsar. Likita a Amurka bai san wannan ba. Ka ce masa da sauƙi, sai ya rubuta a fayil cewa mara lafiya ya ce yana samun sauƙi. Bayan shekara guda wani ma'aikaci da bai taɓa ganin fuskarka ba zai buɗe fayil ɗin, ya tarar da "da sauƙi" sau goma sha biyu a jere, ya yanke hukuncin cewa za ka iya komawa aiki.

Wannan jagorar ta mutanenmu ce da ke zaune a Amurka, 'yan Najeriya da Nijar da 'yan Zango na Ghana, waɗanda ciwon damuwa mai tsanani, ko firgici, ko taɓin hankali ya raba su da sana'arsu, da kuma 'yan'uwan da ke ɗawainiya da su. Hukumar da ke biyan kuɗin ita ce Social Security. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko: hukumar ba ta biyan kowa don sunan ciwonsa. Tana biya ne idan takardu sun nuna abin da ciwon ya hana ka yi, kullum, wata da watanni. Duk alƙaluman kuɗi da zan kawo na shekarar 2025 ne, kuma yawancinsu ana sabunta su kowace Janairu.

Mataki na farko: gane wace ƙofa ce taka

Tsare-tsare biyu ne, mutane kuma suna yawan cakuɗa su.

Na farko shi ne SSDI, wanda aka kafa a 1956. Wannan inshora ce, ba sadaka ba. Duk lokacin da aka cire maka harajin Social Security daga albashi, kana zuba kuɗi ne a cikinta. Ana lissafa aikinka da maki: a 2025 kowace dala 1,810 da ka samu tana ba ka maki 1, kuma ba a wuce maki 4 a shekara. Wanda ya kai shekara 31 ko fiye, ana son ya tara maki 20 a cikin shekaru 10 da suka gabaci kamuwarsa, wato aikin shekara biyar a cikin goma, sannan jimillar makin da ake nema tana ƙaruwa da shekarun mutum har zuwa 40. Matasa an sassauta musu. Wanda bai kai 24 ba, maki 6 a cikin shekaru uku sun ishe shi. Yawan kuɗin da za a ba ka ya danganta da abin da ka riƙa samu a shekarun aikinka, kuma ba ruwan SSDI da abin da ka ajiye a banki.

A nan ne mutanenmu da yawa suke faɗuwa tun kafin a fara. Direban tasi, mai kitso, mai sayar da turare da huluna a bakin titi, duk wanda ya yi shekaru yana karɓar kuɗi a hannu bai shigar da su a takardar haraji ba, ko ya riƙa rage adadin don kada harajin ya yi yawa, zai buɗe tarihin aikinsa ya tarar da sifili. Ana iya gyara tarihin, amma akwai wa'adi: shekara 3 da wata 3 da kwana 15 bayan ƙarshen shekarar da aka yi aikin. Ka buɗe asusu a shafin hukumar na intanet ka duba tarihin kuɗin shigarka shekara bayan shekara kafin ka yi komai.

Akwai kuma wata rana da ake kira ranar ƙarewar inshora. Idan ka daina aiki, inshorar ba ta ɗorewa har abada. Ga wanda ya yi aiki a jere, takan ƙare ne bayan kimanin shekara biyar. Dole ka tabbatar da cewa nakasar ta same ka kafin wannan rana. Wanda ya zauna a ɗaki shekara bakwai ba tare da ya ga likita ba, ana ta yi masa magani a gida, zai sha wuya wajen tabbatar da hakan ko da kowa a unguwa ya san halin da yake ciki.

Na biyu shi ne SSI, wanda aka fara biya a Janairun 1974. Wannan tallafi ne ga marasa ƙarfi, ba ya buƙatar tarihin aiki. Mafi yawan abin da gwamnatin tarayya ta riƙa bayarwa a 2025 shi ne dala 967 a wata ga mutum ɗaya, 1,450 ga ma'aurata, wasu jihohi kamar Niyok suna ɗan ƙarawa. Sharaɗinsa mai tsauri ne: dukiyarka kada ta wuce dala 2,000, ko 3,000 ga ma'aurata, adadin da ba a taɓa ba tun 1989. Gidan da kake ciki da mota ɗaya ba sa cikin lissafi. Amma fili ko gidan da ka gina a Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana ciki, haka ma kuɗin adashi ranar da ka kwasa. Kuɗin shigar mijinki ko matarka ma ana lissafa wani ɓangare nasu. Kada ka ɓoye, domin ranar da aka gano za a nemi ka mayar da abin da ka karɓa.

Takardun zama suna da tasiri sosai a SSI. Ɗan ƙasa ba shi da matsala. Mai katin zama na dindindin da ya shigo daga 22 ga Agustan 1996 zuwa yau, a mafi yawan lokuta ba ya samu a shekaru biyar na farko, bayan su ma sai ya nuna maki 40 na aiki, nasa ko haɗe da na abokin aurensa. Ɗan gudun hijira da wanda aka ba mafaka suna iya karɓa na shekara bakwai. Idan kana da wata buƙata da ke gaban hukumar shige da fice, ka ga lauyan wannan fannin kafin ka nemi SSI, saboda karɓarsa na iya shafar wasu buƙatun. SSDI kuwa gumin mutum ne. Mutum ɗaya yana iya neman duka biyun a lokaci guda, kuma ma'aunin nakasar iri ɗaya ne.

Mataki na biyu: asibiti kafin fom

Na san yadda abin yake faruwa a gidajenmu. Yaro ya fara magana shi kaɗai, ko mace ta haihu ta daina barci ta daina cin abinci, sai a ce iska ce, ko sammu, ko kambun baka. A kira malam ya yi ruƙiyya, a aiko da rubutu da hayaƙi daga gida. Ba zan ce wa kowa ya bar addu'a ba, ni ma ba zan bari ba. Amma hukumar Social Security ba ta karɓar shaidar malam a matsayin tabbacin ciwo. Doka ta ce sai an tabbatar da lalurar ta hannun ma'aikacin lafiya mai lasisi: likita, ko masanin halayyar ɗan Adam, ko kuma, tun daga 27 ga Maris 2017, babbar ma'aikaciyar jinya mai izinin duba marasa lafiya ko mataimakin likita. Mai ba da shawara da kake zama da shi kowane mako, rubutunsa yana da amfani ƙwarai wajen nuna tsananin ciwon, amma shi kaɗai ba ya isa ya kafa shi.

Saboda haka ka haɗa biyun. Ka nemi likitan ƙwaƙwalwa, ka riƙa zuwa duk ranar da aka ba ka, ka sha magani yadda aka ce. Idan ba ka da inshorar lafiya, akwai cibiyoyin lafiya na unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafawa, masu karɓar kuɗi gwargwadon ƙarfin mutum, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga marasa ƙarfi. Idan maganin yana sa ka kasala, ko rawar hannu, ko barcin rana, kada ka ajiye shi shiru. Ka koma ka faɗa, a rubuta, a canza. Illar magani ita ma hujja ce. Giɓin wata takwas ba ka je asibiti ba, ma'aikacin da ke duba fayil yakan fassara shi da cewa ka warke. Ƙa'idarsu ta ce su duba dalilin giɓin, ko rashin kuɗi ne ko ciwon ne da kansa ya hana ka fita, amma sai dalilin ya shiga rubuce.

Yanzu mu koma kan "da sauƙi". Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ɗakin likita ka ajiye kunya a bakin ƙofa, ka yi magana da lissafi. Kada ka ce "ina ɗan fama da barci." Ka ce a makon nan dare huɗu ban runtsa ba sai bayan asuba. Kada ka ce "ba na son hayaniya." Ka ce rabona da masallacin Juma'a wata uku, domin da na shiga sahu sai ƙirjina ya riƙa bugawa in fita. Ka ce kwana biyar ban yi wanka ba sai da ƙanwata ta tilasta mini. Ki ce na ɗora tukunya na manta har ƙararrawar hayaƙi ta tashi, sau biyu a wata ɗaya. Idan kana jin muryoyi, ka faɗa. Idan tunanin kashe kai yana zuwa maka, ka faɗa, ko da harshenka yana nauyin furta shi saboda addini. Tunanin alama ce ta ciwo, kuma likita ba zai iya taimakon abin da bai ji ba. Idan abin ya matsa a cikin dare, lambar 988, ta kiran neman agaji ga mai tunanin kashe kai ko mai cikin matsanancin hali, tana aiki ko'ina a Amurka ba dare ba rana.

Ka nemi tafinta a asibiti maimakon ka tafi da ɗanka ko 'yarka. Wane uba ne zai faɗi irin waɗannan maganganu ta bakin ɗan cikinsa? Ƙaramin littafi ma yana taimakawa: kowace rana layi biyu, barci nawa, ka fita ko ba ka fita ba, me ya gagara. Idan mara lafiyar ba zai iya ba, wanda ke zaune da shi ya rubuta.

Mataki na uku: shigar da buƙata

Ana iya nema ta intanet, ta waya a lamba 1-800-772-1213, ko a ofishin hukumar bayan an ba ka rana. Hukumar tana samar da tafinta kyauta, ka ce Hausa kake so. Ranar da ka fara tuntuɓar su da niyyar nema ana ajiye ta a matsayin ranar buƙatarka, muddin ka kammala cikin wata shida a SSDI ko kwana 60 a SSI. Wannan ranar kuɗi ce. SSI ba ya biyan ko kwabo na watannin da suka gabace ta, SSDI kuma ba ya komawa baya fiye da wata 12. Don haka kada ka jira sai takardu sun cika. Ka kira yau, ka tattara daga baya.

Za a nemi ka cike fom SSA-3368 mai bayanin ciwo, ka sa hannu a SSA-827 wanda ke ba su izinin karɓo bayananka daga asibitoci. Ka lissafa kowane asibiti, kowane likita, kowace kwanciya, kowane zuwa sashen gaggawa, da adireshi da kwanan wata. Ka rubuta duk ciwon da kake da shi, har ciwon baya da sukari da hawan jini, domin ana auna su ne a haɗe.

Mataki na huɗu: tambayoyi biyar da suke yi wa fayil ɗinka

Ofishin Social Security yana duba maki da dukiya, sannan ya tura fayil ɗin ga wata hukuma ta jiha, inda ma'aikaci da likitansu za su bi tambayoyi biyar a jere.

Ta farko: kana aiki? Idan kana samun fiye da iyakar da aka sa, wadda a 2025 ta kasance dala 1,620 a wata, an rufe magana, ko ciwon ya kai ina. Idan ka gwada komawa aiki ciwon ya kayar da kai cikin wata shida ko ƙasa da haka, ana iya ɗaukarsa a matsayin yunƙurin da bai yi nasara ba. Ta biyu: ciwon mai tsanani ne, kuma ya kai wata 12 ko ana sa ran zai kai?

Ta uku ita ce zuciyar lamarin. Hukumar tana da kundin cututtuka, sashe na 12 shi ne na ƙwaƙwalwa, an sabunta shi a Janairun 2017. Lamba 12.03 ta ƙunshi taɓin hankali mai sa jin muryoyi da ganin abin da babu, 12.04 ciwon damuwa da ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, 12.06 fargaba da firgici da waswasi mai tilasta maimaita abu, 12.15 kuma ciwon da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, irin wanda ake gani ga waɗanda suka tsira daga yaƙi ko garkuwa. Kowace lamba tana da jerin alamomi. A ciwon damuwa, misali, ana neman biyar daga cikin tara: baƙin ciki mai ɗorewa, rashin sha'awar komai, canjin cin abinci tare da rama ko ƙiba, matsalar barci, sanyin jiki ko rashin natsuwa da ake gani a zahiri, rashin kuzari, jin kai ba komai ba ne, kasa tattara hankali, da tunanin mutuwa.

Alamomin ba su ne masu wuya ba. Mai wuyar shi ne awo na biyu, inda ake duba fannoni huɗu na rayuwa: fahimtar bayani da tuna shi da aiki da shi, hulɗa da mutane, tattara hankali a kan aiki da ɗorewa a kansa cikin saurin da ake bukata, da kula da kai tare da jure canji. Kowane fanni ana ba shi ɗaya daga matakai biyar, daga babu matsala, zuwa kaɗan, matsakaici, mai tsanani, har zuwa matuƙa. Kafin ka cika sharaɗi sai ka samu "matuƙa" a fanni ɗaya ko "mai tsanani" a fannoni biyu. Da yawa daga waɗanda aka ƙi, "matsakaici" aka rubuta musu a ko'ina, kuma daga "da sauƙi" aka ciro shi.

Akwai wata hanya ta daban da ta dace da gidajenmu sosai. Idan akwai tarihin ciwon a rubuce na aƙalla shekara biyu, ana kan magani ko ana cikin wani tsari na kulawa da ke rage alamomin, amma duk da haka ƙaramin canji yana rikita mutum, to yana iya cika sharaɗi. Ka ɗauki saurayin da ake gani fes-fes a masallaci. Uwarsa ce ke tashinsa, ita ke miƙa masa magani, yayansa ke kai shi ko'ina, ba a barinsa shi kaɗai. Natsuwar da ake gani ta gidan ce, ba tasa ba. Idan ba a bayyana wannan ɗawainiya a takarda ba, hukuma za ta ga natsuwar kawai.

Wanda bai cika sharaɗin kundi ba, bai faɗi ba tukuna. Za a auna abin da ya rage masa na iya aiki, a yi tambaya ta huɗu: zai iya komawa aikin da ya yi a shekaru biyar da suka wuce? Kafin Yunin 2024 shekaru 15 ake dubawa. Sai ta biyar: akwai wani aiki dabam a ƙasar da zai iya, bisa shekarunsa da iliminsa? Ba ruwansu da ko za a ɗauke ka, ko akwai aikin a garinku. Kuma tun Afrilun 2020 rashin jin Turanci ya daina zama dalilin sassauci, don haka kada ka dogara da shi. Tambayar ita ce ko za ka iya aikin awa takwas a rana, kwana biyar a mako, mako bayan mako.

Mataki na biyar: fom ɗin rayuwar yau da kullum

Bayan 'yan makonni za a aiko maka da SSA-3373, mai tambayar yadda kake wuni, ko kana girki, ko kana sayayya, ko kana fita. Wani lokaci a aika wa ɗan'uwanka irinsa, SSA-3380. Wa'adin mayarwa gajere ne, yana jikin wasiƙar. Mutane suna raina wannan fom, alhali alƙali zai iya karanto maka shi bayan shekara biyu.

Kada ka amsa da "eh" ko "a'a" kawai. An tambaye ki kina girki? Idan kin ce eh, an ɗauka kina tuƙa tuwo ki kaɗa miya kullum. Gaskiyar wataƙila ita ce kina dafa ruwan shayi, sauran kuma maƙwabciya ke kawowa tun ranar da kika bar gas a kunne. Rubuta hakan. Kana zuwa masallaci? Sau nawa, da wa, kana tsayawa gaisawa ko kana sulalewa kafin a shafa? Ka bayyana ranakun kirki da ranakun wuya, ka faɗi nawa ne kowanne a mako. Kada ka ƙara gishiri. Wanda ya ce ba ya fita ko ƙofar gida, sannan fayil ɗin likita ya nuna ya je gida biki ya dawo, ya zubar da amincin sauran maganarsa duka.

Ka roƙi likitanka ya rubuta ra'ayinsa a kan iyakar abin da za ka iya. Wasiƙar da ta ce "wannan mutum nakasasshe ne" ba ta da nauyi, domin wannan hukuncin na hukuma ne. Abin da ke aiki shi ne bayani dalla-dalla: minti nawa kake iya tattara hankali, kwana nawa a wata ciwon zai hana ka zuwa aiki, yaya kake yi idan shugaba ya yi maka gyara. Tun Maris 2017 ba a fifita ra'ayin likitanka don kawai shi ke duba ka. Ana duba ko ya kafa hujja, da ko maganarsa ta dace da sauran fayil ɗin.

Idan bayanan ba su ishe su ba, za su tura ka wurin likitan da suka biya. Ganawar gajeriya ce. Za a ce ka riƙe kalmomi uku ka maimaita bayan ɗan lokaci, ka ƙirga lambobi da baya, ka faɗi ranar yau. Ka je, kada ka ƙi, domin rashin zuwa kaɗai na iya sa a ƙi ka. Ka nemi tafinta tun kafin ranar. Kada ka yi ƙoƙarin burge shi, kada kuma ka yi wasan kwaikwayo. Yana lura da yadda ka zo, da wanda ya kawo ka, da irin shigarka.

Magana ɗaya a kan shaye-shaye. Tun 1996 doka ta hana biyan wanda giya ko ƙwaya ce ginshiƙin nakasarsa. Ma'aunin shi ne: da zai daina, zai ci gaba da zama nakasasshe? Idan eh, ana iya biyansa. Ɓoyewa ba ta da amfani tunda gwajin asibiti yana fayil. Abin da ke taimakawa shi ne watannin da aka rubuta cewa ka daina amma ciwon yana nan.

Mataki na shida: an ƙi ka

Amsar farko takan ɗauki wata shida zuwa takwas, kuma kusan biyu cikin uku na masu nema ana ƙin su a wannan zagaye. A nan mutanenmu sukan ce Allah bai nufa ba, su ninke wasiƙar su sa a ƙarƙashin katifa. Wasu kuma sai su sake sabuwar buƙata daga tushe, su yi asarar ranarsu ta farko da kuɗin da ke tattare da ita. Hanyar ita ce ɗaukaka ƙara. Kana da kwana 60 daga ranar da wasiƙar ta iso, kuma suna ɗauka ta iso kwana biyar bayan ranar da ke jikinta.

Matakin farko shi ne a sake dubawa, da fom SSA-561. Wani ma'aikaci ne dabam a hukumar jihar, kuma kaɗan ne ke tsallakewa a nan. Ka bi shi don shi ne hanyar zuwa gaba. Idan an sake ƙi, ka nemi zama gaban alƙali da fom HA-501, shi ma cikin kwana 60. Bayan alƙali akwai majalisar ɗaukaka ƙara ta hukumar, bayanta kotun tarayya.

Ra'ayina shi ne da zarar an ƙi ka karo na farko ka nemi lauya ko wakili mai izini. Ba ka biyansa ladan aiki sai ka ci, kuma hukumar ce ke cire masa kai tsaye: kashi 25 cikin 100 na kuɗin baya da aka tara maka, kada ya wuce dala 9,200 a yarjejeniyar da aka saba. Ana iya neman ka biya kuɗin karɓo takardun asibiti, ka tambaya tun farko. Akwai kuma ƙungiyoyin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi kyauta. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi a gaba saboda ya san wani a ciki, ka rabu da shi.

Mataki na bakwai: gaban alƙali

Wannan ne karo na farko da mai yanke hukunci zai ji muryarka. Za a sanar da kai ranar aƙalla kwana 75 kafin ta, kuma duk sabuwar takarda a miƙa ta, ko a sanar da ita, kwana biyar na aiki kafin zaman. Ana yi ido da ido, ko ta bidiyo, ko ta waya. Ƙaramin ɗaki ne, babu 'yan kallo, babu lauyan gwamnati da zai yi jayayya da kai. Akan yi kamar awa ɗaya.

Alƙali zai tambaye ka aikinka na baya, dalilin barinsa, da yadda kake wuni. Sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne a wurinmu, amma amsar "haka ne, ranka ya daɗe" ga kowace tambaya ba ta gina maka komai. Idan ba ka gane ba, ka ce a maimaita. Idan ka ji tafintan ya sauƙaƙa maganarka, ko Hausarsa ta sha bamban da taka har ma'ana tana ɓacewa, ka faɗa a nan take don ya shiga rikodin.

Daga nan alƙali zai juya ga masanin ayyuka, ya ce: a ɗauka ga mutum mai shekaru kaza, ba ya iya hulɗa da jama'a, sai aiki mai sauƙi, akwai aikin da zai yi? Masanin zai lissafo irin su shara, wanke-wanke ko jera kaya a kwali. Kada gabanka ya faɗi. Lauyanka zai ƙara tambaya: idan mutumin zai riƙa fashin kwana biyu ko uku kowane wata fa, ko hankalinsa zai riƙa barin aikin na wani kaso mai yawa na yini? A nan masanan sukan ce babu mai riƙe irin wannan ma'aikaci. Shari'ar ƙwaƙwalwa da yawa a kan wannan gaɓar ake cin ta, kuma alƙali ba zai yarda da fashin kwana uku ba sai ya gan shi a rubutun likita na watannin baya. Hukuncin yana zuwa ne a wasiƙa bayan wasu makonni.

Bayan an amince

A SSDI ba a biyan watanni biyar na farkon nakasa, Medicare kuma, wato inshorar lafiya ta tarayya ga tsofaffi da nakasassu, sai bayan wata 24 da fara cancantar kuɗin. Mai SSI a yawancin jihohi yana samun Medicaid tare. Idan hukumar ta ga ba za ka iya sarrafa kuɗi ba, za ta naɗa wani ya riƙa karɓa a madadinka. Iyali su zaɓi mai amana, shi kuma ya sani cewa kuɗin na ci da sha da muhallin mara lafiyar ne, ba na aikawa gida ba, kuma ana iya tambayarsa lissafi.

Za a riƙa sake duba lafiyarka, sau da yawa bayan shekara uku, don haka kada ka bar asibiti don kuɗi sun fara shigowa. Idan ka ji ƙarfi kana son gwada aiki, SSDI yana ba ka watanni tara na gwaji da kuɗinka cikakku. A 2025 duk watan da ka samu fiye da dala 1,160 ana ƙirga shi cikin taran. Ka sanar da su duk aikin da ka fara, da canjin gida, da aure.

Sai batun tafiya gida, wanda kusan kowane iyali ke kawowa: a kai shi gida ya huta, ya ga dangi, a yi masa addu'a. Mai SSI da ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka, kuɗinsa sun tsaya, kuma ba za su dawo ba sai ya koma ya yi wasu kwana 30 a jere a cikin ƙasar. Umara ta mako biyu ba ta taɓa komai, amma Hajjin da aka zarce da ziyarar gida yana iya haura wa'adin. Mai SSDI ɗan ƙasa ana ci gaba da biyansa a yawancin ƙasashe. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa, a ƙa'ida ana dakatar da nasa bayan wata shida a waje, sai in ya faɗa cikin wasu keɓantattun rukunai. Kafin a sayi tikiti a kira hukumar a faɗa mata ranar fita da ranar dawowa, a kuma karɓi maganin da zai kai har ƙarshen tafiyar daga wurin likita.